Fuskar Baƙon Bene

Mijin yayata abu biyu Allah ya ba shi, tsawo da baki. Dogo ake kiransa tun yana makaranta, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba, don idan zai shiga ɗaki sai ya sunkuya, idan ya zauna a mota gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa. Shekara ashirin da shida ke nan da Yaya ta aure shi, har yau ban gano abin da ta gani ba. Na taɓa tambayarta, ta ce yana ba ta dariya. Ni ma yana ba ni, amma ba irin dariyar da ake aure dominta ba.

Sana'o'in da ya taɓa sun fi yatsun hannu yawa, kuma duk bakinsa ne ya kore shi daga cikinsu. Ya yi fenti, ya tsaya yana koya wa mai gida yadda ake zaɓen launi har fentin ya daskare a bokiti. Ya yi gadi a wani ɗakin ajiyar kaya, ya riƙa gaya wa duk mai wucewa inda ake rataye makullai, ba da mugunta ba, don dai a san shi ne ke riƙe da su. Ya tuƙa motar ɗaukar yara, iyaye suka kai ƙara cewa yana juyowa baya yana ba da labari a tsakiyar titi. A ƙarshe ya faɗa shagon wanki da guga, ya zauna shekara shida cur, abin da ya ba kowa mamaki ban da ni. Mai shagon kunnensa ɗaya ne ke aiki, kuma teburin gugar yana ɓangaren wanda ya mutu.

'Ya'yansu uku. Manyan biyu sun girma sun kama gabansu, saura Auta, mai shekara goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe a sakandare. Yarinya ce mai kai, mai shiru, kamar uban ya cinye rabonta na magana tun kafin a haife ta. Tana shekara goma sha biyu Dogo ya je taron iyaye a makarantarsu, aka yi kuskuren miƙa masa makirfo don ya yi tambaya. Minti arba'in ya yi a tsaye. Ya ba da tarihin aurensa, ya ba shugabar makaranta shawara a kan launin bango, ya kuma sanar da jama'a shekarun da Auta ta kai kafin ta daina fitsarin kwance. Tun daga ranar yarinyar take ɓoye takardar gayyata a ƙasan jaka. Idan suka haɗu a hanya tana tare da ƙawaye, sai ta sunkuya tana gyara igiyar takalmi har ya wuce. Shekara biyar ba ta kawo ƙawa ko ɗaya gidan ba. Dogo ya sani sarai, kuma wannan ne kaɗai labarin da ban taɓa jin ya bayar ba.

Ni kuwa aikina kula da kayan sawa a wani shirin talabijin mai dogon zango da matasa suka haukace a kansa, Baƙon Bene. Labarin wasu ɗalibai huɗu ne a wani tsohon ɗakin kwanan makaranta. Duk lokacin da wani zai ɓace, sai a ga wani dogon abu a ƙarshen baranda, sanye da kwat mai ruwan toka, fuska lulluɓe da baƙin mayafi, ruwa na ɗiga daga gefen kwat ɗin. Washegari babu ɗalibin, babu sunansa a rajista, har fuskarsa ta goge daga hotuna. Ɗaliban nan huɗu, maimakon su tattara akwatunansu su koma gidan iyayensu kamar masu hankali, sai su ɗauki tocila su bi shi. Haka ake ta yi kashi talatin da tara. Yara kuwa suna ihu, suna kuka, suna kafa ƙungiyoyi a waya suna gardama a kan wane ne Baƙon. Da sun ga yadda muke haɗa hayaƙin aljanu da wata tsohuwar na'ura mai tari kamar ɗan taba, da sun ji kunyar hawayensu.

Wanda ya fara sa kwat ɗin ya samu aiki a wani wuri bayan kashi na shida, Darakta ya ce a nemo masa dogon mutum ko daga ina. Na yi suɓul da baka na faɗa a gaban Yaya. Kwana uku ta hana ni sakat.

"Ki taimaka masa mana. Ai ba magana zai yi ba, ko?"

"Yaya, matsalar ke nan. Ba magana zai yi ba."

Na dai kai shi. Darakta, wani matashi da ke sa baƙin tabarau a cikin ɗaki kuma yake cewa “hangena” sau goma kafin azahar, ya dube shi daga sama har ƙasa kamar mai sayen tsani, ya ce ya yi. Aka ba shi takardar alkawarin riƙe sirri ya sa hannu. Aikin duka shi ne ya tsaya inda aka manna masa tef a ƙasa, ya karkatar da kai hagu idan an ce ya karkatar, ya ɗaga hannu a hankali, ya yi shiru. Kwana biyu a mako, sauran kwanakin yana wurin gugarsa. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya iya tsayuwa. Amma da zarar an ce “yanke”, sai ka ji murya daga cikin mayafi tana ba mai riƙe da fitila labarin yadda ya taɓa kama ɓarawo da hannu ɗaya.

Alkawarin sirri kuwa bai kwana ba. Kafin mako ya zagayo, masu kawo wanki da mai gyaran taya da matar da ke sayar da katin waya duk sun ji cewa shi ne Baƙon Bene. Abin da ya cece mu shi ne babu wanda ya yarda. Mutumin da ya ce ya kama ɓarawo da hannu ɗaya, wa zai ɗauki maganarsa? Auta, wadda ba ta taɓa barin kashi ɗaya ya wuce ta ba, ko ɗaga kai daga waya ba ta yi ba da ya gaya mata.

"Baba, fuskar a rufe take. Kowa ma zai iya cewa shi ne."

"Tambayi Antinki mana!"

"Ko kai ne, ai tsayuwa kawai kake yi. Ƙarfen rataye kaya ma zai iya."

Ina wurin, kuma na yi dariya har da buga cinya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ido ba.

A wurin aikinmu akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita. Tunda a labarin daga cikin ruwa Baƙon yake fitowa, dole gefen kwat ɗin ya kasance a jiƙe a kowace ɗauka, daidai layin da na ja da alli daga ciki, taƙi ɗaya daga ƙasa. Idan ya bushe ko ya wuce layi, yaran nan masu idon mikiya za su tsayar da hoton a waya su zagaye wurin da jan layi su yi ta zaginmu kwana uku. Saboda haka kafin kowace ɗauka sai na durƙusa da kwalbar feshi na jiƙa, na ɗauki hoto, matar da ke rubuta bayanin kowace ɗauka ta duba ta ce ya yi. Shekara biyu ina durƙusa a gaban Dogo, abin da ko a mafarki ban zata zan yi ba, shi kuma yana daga sama yana cewa, "Ƙanwata, a fesa da kyau."

Da aka zo kashi na arba'in, inda za a cire mayafi, sai hankalin manya ya tashi. Suna tsoron kada ƙarshen ya fita kafin ranar nunawa. Darakta ya zo da dabarar da yake ji kamar shi ya ƙirƙiro ta: za a ɗauki ƙarshe uku, biyu na bogi, ɗaya na gaske, kowanne a rana dabam da mutane kaɗan. Ina bayan labulen ɗakin kaya ina ɗinke maɓalli na ji yana gaya wa mataimakiyarsa.

"Ɗaya ki ba Dogo. Ki ce masa Baƙon tsohon mai gadin makarantar ne da ya nutse, kuma shi zai fito da fuskarsa."

"Ai zai faɗa wa duniya."

"Shi nake so. Wannan ya fi gidan rediyo. Kafin yara su gama bin labarinsa mun nuna namu."

Suka yi dariya. Ni ma na murmusa a bayan labule, ba zan ɓoye ba.

Ranar ɗaukar tasa ya iso tun ƙarfe bakwai na safe, ya yi aski, ya shafa turaren da ya cika baranda. Duk wanda ya yi wata ɗaya a wannan aiki zai gane wasa ake yi. Fitila biyu kawai aka kunna, alhali ƙaramar ɗauka ma sai an kafa shida. Mai ɗaukar sauti yana zaune yana cin biskit, abin jin sautin na rataye a wuyansa. Matar da ke rubutu ko alƙalami ba ta buɗe ba. Na ɗauko kwalbata zan durƙusa, Darakta ya ɗaga hannu.

"Bar shi, ba sai kin jiƙa ba."

Shekara biyu Dogo yana tsaye ana jiƙa masa kwat, sau ɗari nawa ban sani ba, amma ranar da aka bar shi a bushe ko a jikinsa. Kansa na can sama. Aka ce “fara”, ya ɗaga hannu a hankali, ya zame mayafin, ya kalli kyamara ya faɗi layi ɗayan da aka ba shi: “Na daɗe ina jiran ku gan ni.” Idonsa ya kawo ruwa na gaske. Ɗauka ɗaya tak aka yi. Darakta ya tafa, ya ce, "Kai, Dogo, ashe ɗan wasa muke da shi ba mu sani ba!" Mai kyamara ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Bayan kwana huɗu aka ɗauki na gasken. Awa bakwai aka yi. Jarumin shirin ne, yaron nan mai gashin goshi da 'yan mata ke suma a kansa, wai ashe Baƙon abokin tagwaicinsa ne da ya mutu. Gajere ne, sai da aka ɗora shi a kan akwatin katako, na naɗe hannun kwat ɗin da allura. Sau goma sha ɗaya na jiƙa gefen.

Dogo ya riƙe sirrinsa kwana biyu, wanda a tarihinsa babban abu ne. A na uku ya gaya wa Auta. Bai gaya wa mai gyaran taya ba, bai gaya wa masu wanki ba, ita kaɗai ya kira gefe, ya ba ta labarin mai gadin, ya nuna mata hoton da mataimakiyar Darakta ta ɗauke shi da gangan, yana tsaye a baranda cikin kwat, mayafi a hannu. Washegari da yamma sai ga Auta a ɗakin kaya, da kayan makaranta a jikinta. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Ta tsaya tsakanin layukan riguna tana murza igiyar jakarta.

"Anti, da gaske ne?"

"Me?"

"Abin da Baba ya ce. Wai fuskarsa za a nuna."

Na ci gaba da ninke wando. "Ba ya nuna miki hoto ba?"

"Ya nuna. Amma kin san Baba. Ina so in ji daga bakinki, kafin in gaya wa ƙawayena."

"Ni dai na ga an ɗauka," na ce. "Ina wurin."

Fuskarta ta buɗe kamar an kunna fitila. Ta rungume ni, ta ce, "Na gode, Anti," ta fita da gudu.

Zan iya cewa takardar da na sa wa hannu ce ta ɗaure ni, kuma na gaya wa kaina haka a lokacin. Ƙarya ce. Kalma biyu sun isa, “ki dakata”, babu wanda zai kore ni a kansu. Gaskiyar ita ce na shekara ashirin da shida ina kallon mutumin nan yana cika baki, yayata tana tashi da asuba tana tafiya aiki a ɗakin girkin asibiti, shi yana ba da labarin ɓarawo. Ina so in ga ranar da bakin zai mutu a gaban jama'a. Har kujerar da zan zauna na zaɓa a raina.

Auta ta saka hoton a ƙungiyarsu ta waya, ta rubuta a ƙasa, “Babana ne.” Cikin kwana biyu ya zagaye ko'ina. Yara suka yi ta tono tsofaffin kashi suna nemo alamun mai gadi da babu su, suna samu kuma. Darakta yana yawo da waya a hannu yana nuna wa kowa, bakinsa har kunne, yana cewa hangensa bai taɓa kuskure ba.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu za a nuna. Auta ta gayyato ƙawayenta bakwai gida. Tun safe take goge-goge, ta wanke labule, ta ɓoye tsohuwar fankar da ke ƙara, ta aro kujerun roba daga maƙwabta. Yaya ta sayo lemo da biskit ta jera a faranti. Dogo ya goge farar rigarsa da kansa, karin guga kamar zai yanka hannu, ya zauna a tsakiyar doguwar kujera, gwiwoyi a sama. Abin da ya fi ba ni mamaki, da 'yan matan suka shigo suna gaishe shi, “sannu” kawai ya ce. Auta ce ta yi maganar.

"Ga Babana," ta ce, ta dafa kafaɗarsa.

Na zauna kusa da ƙofa inda zan ga fuskar kowa.

Minti hamsin aka yi ana bin baranda da tocila. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ɗaga waya tana ɗaukar Dogo da talabijin tare, don duniya ta ga lokacin. Kiɗa ya yi sama. Baƙon ya tsaya a ƙarshen baranda, ruwa na ɗiga daga kwat. Hannu ya tashi a hankali. Dogo ya gyara zama, leɓɓansa na motsi, yana karanta layinsa tun kafin a zo. Mayafi ya zame.

Gashin goshi ne ya fara bayyana.

'Yan mata biyu suka ƙwalla ƙara don murna, sun manta a gidan wa suke. Sannan ɗakin ya yi tsit, sai kiɗan ƙarshe da sunaye suna hawa. Mai ɗaukar bidiyon ba ta sauke wayar ba, ta dai juya ta daga talabijin zuwa fuskar Auta. Wata ta toshe baki da gyale, dariyar ta kufce ta hanci. Wayoyi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, har da ta Auta a kan tebur, tana ta haske tana girgiza.

Abin da na zo gani ke nan, kuma na gani. Bakin Dogo a buɗe, babu abin da ke fita. Sai dai bai kai minti ɗaya ba ya dawo da ƙarfinsa.

"An canza ne! Wallahi an canza. Ai akwai masu baƙin ciki a wurin. Ni da na tsaya a gaban kyamara, Darakta da kansa ya tafa mini, ya ce bai taɓa ganin..."

"Baba." Auta ba ta ɗaga murya ba. "Don Allah."

Ya jingina da kujerar.

'Yan matan suka fara tuna cewa ana jiransu a gida. Suka fice suna “sai Litinin”, kuma tun kafin su kai bakin titi muna jin shewarsu ta taga. Yaya ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Dogo ya zauna yana kallon tallan sabulu, hannuwansa a kan gwiwa, farar rigar ta jiƙe a baya.

Na tattara kofuna na kai kicin, don in samu abin yi da hannuna. Ina cikin wankewa na ji ta a bayana.

"Anti, kin san ba shi ba ne."

Ba tambaya ba ce, amma na amsa. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a ɗauka."

"Ranar da na zo wurinki fa?"

"Auta, akwai takarda da muka sa wa hannu, ba a yarda mu..."

"Na tambaye ki ne don na san Baba yana ƙari. Ke ce ba kya yi."

Na rufe famfo. Idonta a bushe yake, da ma kuka ta yi da ya fi mini sauƙi. Wayar na hannunta tana ta girgiza, ba ta duba ba.

"Shi ai yaudararsa aka yi, ya yarda," ta ce. "Ke kuma kin zo kin zauna kina kallo."

Ta miƙa hannu ta gefena ta ɗauki kofi ɗaya daga cikin waɗanda na wanke, ta cika shi da ruwan sanyi, ta fita falo. Ina tsaye da soso a hannu na ji ta ja kujerar roba kusa da shi.

"Baba, sha ruwa. Faɗa mini yadda aka yi ranar, tun daga farko."